Jinin da Ka Ba Autanmu

Zuwa gare ka, hasken idona, inuwata a tsakar rana, ruwan sanyin da na kurɓa sau ɗaya na kasa manta daɗinsa, ya farin watan da ba ni da wani sai shi,

Ina gaishe ka da gaisuwar da bakina bai taɓa iya furtawa a gabanka ba. Ka san halina. In ka tsaya a ƙofar gidanmu, yatsun ƙafata nake kallo har ka gama maganarka ka tafi. Karatuna ma bai yi nisa ba, a firamare na tsaya, don haka in ka ga kuskure a rubutun nan ka haɗiye dariyarka. Yau ba ni da abin dariya.

Ka tuna ranar da maigidanka ya aiko ka ka yi wa ƙyauren gidanmu walda? Ina tsaye da bokitin ruwa, tartsatsin wuta na zubowa daga hannunka kamar taurari sun sauko da rana tsaka. Ka ɗaga baƙin gilashinka ka ce, "'Yammata, kau da idonki, wutar nan tana makantar da mutum." Na kau da ido daga wutar, na ɗora a kanka. Wayyo ni! Da na sani da wutar na ci gaba da kallo, da makantar ta zo mini da sauƙi.

Tun daga ranar ka zame mini kamar ruwan farko a kan busasshiyar ƙasa. Ƙarar babur ɗinka ta fi mini kukan tsuntsayen safiya daɗi. Ko ƙaurin ƙarfen da ke rigarka, wallahi turare ne a hancina.

Sai ranar da sikilar Autanmu ta tashi. Jininsa ya yi ƙasa, leɓensa ya yi fari kamar takarda, Umma ta goya shi duk da girmansa muka ruga ƙaramin asibitin bayan layinmu. Suka ce sai an ƙara masa jini, mu kawo mai bayarwa. Jinin Baba bai dace ba, ni kuma suka ce na yi ƙanƙanta. Muna cikin haka sai ga ka da kayan aiki a jikinka, kana naɗe hannun riga tun daga bakin ƙofa, kana cewa, "Ku ɗebi leda biyu ma, jinina ya fi man inji kauri!" Mai gwajin ya ce abin gwajin cututtuka ya ƙare musu, sai dai ya duba ko jinin ya dace kawai. Ya kalli ƙirjinka ya ce, "Ƙato irin wannan ai da gani lafiyayye ne. An taɓa hana ka ba da jini?" Ka ce a'a. Ina tsaye a bayan labule, da kunnena na ji ka faɗa.

Na ga jininka yana sauka a siririn tiyo, ɗigo bayan ɗigo, yana shiga hannun ƙanina. Na ce a raina, wace mace ce ta kai ni sa'a a duniya? Umma tana share hawaye tana ce maka ɗan albarka. Auta da ya farfaɗo har tsokanata yake yi: "Yaya, yanzu jinin walda ne a jikina, in na yi atishawa matsa gefe kar wuta ta kama ki."

Bayan wasu watanni idonsa ya yi ɗorawa. Ba wanda ya damu, domin mun saba, idon mai sikila kullum da ɗan launinsa. Muka yi ta cewa sikilar ce, muna ba shi maganin da ya saba sha, har abinci ya daina zama a cikinsa, fitsarinsa ya koma kamar baƙin shayi. Sai a babban asibiti likita ta ce ciwon hanta ne, irin wanda ke bin jini. Aka gwada Umma, aka gwada Baba, aka gwada ni, babu a jikin kowa. Ta tambayi inda aka ƙara masa jini na ƙarshe. Baba ya yi ta zagin ƙaramin asibitin, allurarsu da ƙazantarsu, amma bai kawo ka a ransa ba ko kaɗan. Har gobe cewa yake, "Yaron nan ya yi mana halacci."

Ni kaɗai na tattara ɗan ƙarfin halina na tambaye ka a ƙofar gida ko jininka lafiya yake. Ka tuna amsar da ka ba ni? Dariya ka yi! Ka ce, "Haba ƙanwata, bara ma, tun kafin na Auta, da na je ba abokina jini a babban asibiti haka suka ƙi karɓa, wai hantata da magana, in dawo in ga likita. Masu farar riga ba sa rasa abin faɗa. Dube ni da kyau, na yi miki kama da maras lafiya?" Ka ɗaga hannu kana nuna mini damtse.

Ashe an taɓa hana ka. Ashe a'ar nan da ka faɗa ƙarya ce, ya sanyin idaniyata! Yaya zuma za ta zo da ɗaci a gindinta? Yaya bishiyar da na fake a ƙarƙashinta za ta sako reshe a kan ƙanina? Na san ba mugunta ka yi ba. So kake ka cece shi, so kake Baba ya gan ka da daraja, kuma ba ka jin ciwon komai. To likitar ta ce haka cutar take: mutum yana ɗaga ƙarfe, yana cin abinci, yana dariya, ita kuma tana kwance a jininsa shekara da shekaru. Ba zan rantse cewa daga gare ka Auta ya samu ba, likitar ma ba ta rantse ba. Amma kai da ya kamata ka fi kowa son sanin gaskiya, kai ne ka ƙi komawa a duba.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Jiya maigidanka ya zo duba Auta. Ina zuba masa ruwa na ji yana gaya wa Baba cewa ranar Laraba za a yi wa matarsa aiki a ciro jariri, a wannan ƙaramin asibitin dai, kuma an ce su zo da mai ba da jini ko da za a buƙata. Yana alfahari yana cewa, "Yaron nan nawa ya ce in kwantar da hankalina, shi ne zai bayar." Na ajiye masa kofin na fice.

Ina roƙon ka, ya abin ƙaunata, don girman Allah kada ka je. Ka gaya wa maigidanka gaskiya da bakinka, ya nemi wani a gwada shi gwaji na sosai. Kai kuma ka koma babban asibiti. Likitar ta ce ana bibiyar mai cutar, akwai maganin da ke danne ta, mutum ya rayu ya tsufa. In kunya kake ji, zan bi ka a baya daga nesa, in zauna a bencin ƙarshe, ba wanda zai san tare muke.

In kuwa Talata ta yi ba ka faɗa ba, ni zan faɗa. Zan je wurin matar maigidanka in gaya mata duk abin da ka gaya mini. Na san abin da zai biyo baya. Magana za ta iso kunnen Baba, ya hana ka taka ƙofar gidanmu. Wataƙila maigidanka ya sallame ka kafin ya yaye ka. Kai kuma ka tsane ni, ka ce na tona maka asiri, in mun haɗu a hanya ka kau da kai. Duk na auna, na yi kukansa tun yanzu. Amma na ga cikin matar nan, kuma ni nake wanke wa Auta kwanon amai kowace safiya.

Ka ji tausayina ka riga ni faɗa. In ka ƙi, to ka sani wadda za ta tona ka ba ta daina son ka ba, kuma ba za ta saurari wani a bayanka ba, ko da ba ka sake kiran sunanta ba har abada.

Taka, ko kana so ko ba ka so,
Yayar Auta