Rigar Baba Mai Ruwan Goro

Gaithersburg, kusa da Washington, Talata

Yaya Munzali,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, da Anti Sadiyya da yara.

Baba ya ɓata tun jiya da hantsi. Ka san yadda mantuwar nan ta ci ƙarfinsa. Wanka kawai na shiga, na fito na tarar da ƙofa a buɗe. 'Yan sanda suka tambayi kayan jikinsa, na ce farin kaftani da hula, don ni na sa masa. Wuni guda suna neman mai kaftani. Sai yau na ga kaftanin a ninke ƙarƙashin filo, akwatinsa a buɗe, babu rigar nan mai ruwan goro da muke masa dariya, wadda ya yi odarta ta gidan waya yana ɗalibi a Washington.

Na kira 'yan sandan, amma na rasa sunan da zan ba ta. Ba jamfa ba ce, ba 'yar shara ba, shat kuwa kowa a ƙasar nan shi ne a jikinsa. Suna jero mini sunayen riguna da Turanci, ni kuwa sai kuka. Maigidana ne ya tuna da tsohon littafin tallan tufafi da Baba ke adanawa. Muka buɗe, ga ta nan da kwalarta kamar kunnen jaki. Mun kai musu shafin.

Sanyi ya fara, kuma rigar gajeren hannu ce. Yaya, tsoro nake ji. Ku sa mu a addu'a.

Ƙanwarka,
Furera

Alhamis

Yaya Munzali,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, alhamdu lillahi an ga Baba. Wata direbar bas ce ta gane kwalar daga hoton shafin da 'yan sanda suka baza. An same shi zaune a ƙofar gidan da ya yi haya a Washington kafin a haife mu, wai yana jiran ma'aikacin gidan waya ya kawo masa saƙo. Ƙafafunsa sun kumbura, amma yana cin abinci. Da na rungume shi, sai ya gaishe ni da ladabi, ya tambaye ni 'yar gidan wa ce.

Tun bara nake shirin jefar da rigar nan, don kunya take ba ni gaban baƙi. Yanzu kullum sai na wanke ta na sa masa, na ɓalla masa maɓallan da hannuna. Na san zai sake fita, kuma duk garin nan babu mai irinta.

A gaishe da kowa.

Ƙanwarka,
Furera