Alama ta Bakwai

Zuwa ga Mai Allurata, sanyin idona, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, hasken da raina yake karkata gare shi kamar yadda tsiro yake karkata wajen taga,

Aminci ya tabbata a gare ki. Ina gaishe ki gaisuwar mutumin da ya gaji. Ba gajiyar tsayuwa gaban allo nake nufi ba, wannan na saba da ita shekara goma sha shida ke nan. Gajiyar komawa gidan da babu ƙarar keken ɗinki a cikinsa nake nufi. Yau kwana goma sha tara da tafiyarki gidan Yaya. Na kira, ba ki ɗauka ba. Na zo har ƙofar gida, Yaya ta leƙo ta ce, "Malam, barci take yi," alhali ina jiyo tarinki ta taga. Ban ga laifin kowa ba. Shi ya sa yau da aka tashi ɗalibai ban bi hanyar gida ba, na zauna a ɗakin gwajin makaranta, na yagi takarda daga littafin shirya darasi, na ce bari hannu ya gwada abin da baki ya ɓata.

Ɗakin yana nan yadda kika san shi. Famfon nan yana ta ɗiga, ƙwarangwal ɗin roba har yanzu ba a gano hannunsa na hagu ba, madubin nan guda ɗaya da ke ƙara wa ƙananan abubuwa girma yana lulluɓe da rigar da kika ɗinka masa da ragowar yadi. Ɗalibai saba'in da uku, madubi ɗaya! Kullum sai na jera su kamar masu jiran ruwa, kowa ya leƙa ya wuce, rabinsu ba abin da suke gani sai gashin idonsu, amma su ce, "Mun gani, Malam." Dā dariya abin yake ba ni. Yanzu sai in tsaya ina kallonsu, alli a hannu, na manta abin da zan rubuta.

Kin tuna ranar da kika fara leƙa madubin nan? Watanmu biyu da aure, na manta abincina a gida kika biyo ni da shi. Kika tarar ina ɓare siririyar fatar albasa ina shimfiɗa ta a kan gilashi, kika ce, "Ashe girki kake zuwa yi a ɓoye?" Na ce ki sa ido. Kika sunkuya, kika rufe ido ɗaya da tafin hannu, kika daɗe kina leƙe har na ɗauka ba ki ga komai ba. Can sai kika ɗago kina dubana, kika ce, "Malam, ɗakuna ne! Ga bango, ga bango, kowanne da ɗan maigidansa zaune a ciki. Kuma dubi layin, ko zare ɗaya bai kauce ba. Wane tela ne wannan?" Wayyo, Mai Allura! Na karanta littattafai, na ci jarrabawa, na haddace cewa duk mai rai da ƙwayoyin halitta aka gina shi, amma ban taɓa jin tsigar jikina ta tashi a kan darasin ba sai ranar. Tun daga lokacin ban sake koyar da shi ba sai da kalmarki. Nakan ce wa yara, jikinku gari ne mai ɗakuna bila adadin, kowane ɗaki da rai a cikinsa. Ba su san daga bakin tela na aro ba.

Ke ce kuma kika raɗa wa wani sashen ɗakin suna. Da na gaya miki a cikin kowane ɗaki akwai wurin da ake ƙona abincin da muka ci da iskar da muka shaƙa, daga nan ƙarfi yake fitowa, sai kika ce, "To ai murhu ke nan, me ya sa za ku wahalar da yara da suna mai tsawon igiya?" To, ga labarin murhuna: ina ci, ina shaƙar iska, lissafi ya ce ya kamata in yi ƙarfi, amma hawa matakala shida na ofishin malamai sai na huta a tsakiya. Wane littafi ne ya rubuta cewa itace da iska ba sa isa, sai da mai hura wutar? Ganye yana karɓar ƙarfinsa daga rana, akuya ta karɓa daga ganye, mu karɓa daga gare su duka, haka nake zana wa yara da kibiyoyi a allo. Ni tawa kibiyar daga kujerar ɗinkinki take tasowa, ban sani ba sai da kujerar ta zama wayam.

Bari in zo kan abin da ya faru, don kewaye-kewaye ba zai rage masa nauyi ba.

Ranar da yamma ina falo ina duba takardun jarrabawa, ke kina bakin taga kina kalmasa wata riga. Tambayar mai sauƙi ce: a lissafa alamomi bakwai na abu mai rai. Motsi, numfashi, cin abinci, girma, fitar da abin da jiki ba ya buƙata, jin abin da ya taɓa shi, sai haihuwa. Wata ɗaliba ta kawo shida ta bar ta bakwai. Takarda ta hamsin ce a hannuna, kaina yana sarawa, sai na ɗaga murya ina faɗa da yarinyar da ba ta ma wurin: "Ina haihuwa? Abin da ba ya haihuwa ai dutse ne, ba mai rai ba!"

Keken ya tsaya. Wallahi har yau ina jin tsayuwar keken nan a kunnena.

Da na yi shiru a nan, da wataƙila an tsira da wani abu. Amma malami ba ya iya ganin kuskure bai ɗauko jan biro ba. Na juyo da sauri na ce, "A'a, ba haka nake nufi ba, ai alfadari ma ba ya haihuwa, kuma yana da rai." Garin neman gira na rasa ido. Ba ki yi kuka ba, ba ki ɗaga murya ba. Kika ciji zare, kika ce, "To na gode, Malam. An yi mini ƙarin girma, daga dutse na koma alfadari." Kika ƙarasa kalmasar tsaf, don ke ba kya barin aikin mutane a rabi, kika ninke rigar. Da safe na dawo daga sayen burodi na tarar da makulli a ƙarƙashin tukunyar furenki ta bakin taga.

Magana zarar bunu ce, na sani. Amma ki bar ni in gyara darasin ko da aji ya watse. Haihuwar da ake lissafawa cikin alamomin nan, ta jinsi ce baki ɗaya, ba sharaɗi ba ce a kan kowane ɗaya. Ƙudan zuman da suke gina saƙa, su yi jigilar ruwan fure, su ciyar da gida, mafi yawansu ba sa haihuwa, kuma ba don su ba da babu zuma. Me ya hana bakina tuna zuma, ya tafi ya ɗauko alfadari? Kuma ke, ya ke wadda tafiyarta ta fi ruwan sama na farko daɗin ji, kafin ki kai ƙarshen layin nan jikinki ya haifi sababbin ƙwayoyin jini fiye da miliyan. Ɗaki yana rabuwa ya zama biyu, biyu su zama huɗu, ba dare ba rana, tun ranar da aka halicce ki. Da allura ta soke ki a yatsa, wa yake ɗinke wurin cikin kwana uku? Wane irin dutse ne yake ɗinke kansa?

Sai dai duk wannan bayani ne na malami, kuma na san ba shi kike jira ba. Ba kalma ɗaya ce ta fitar da ke daga gidan nan ba. Shekara tara ce ta fitar da ke, kalmar ƙofa kawai ta buɗe. Shekara tara kina amsa "Har yanzu shiru?" da murmushi. Shekara tara kina ɗinka wa jariran wasu 'yan riguna, kina sa musu maɓallai ƙanana da hannunki. Duk maganin haihuwar da mahaifiyata Inna ta aiko, mai ɗaci da mai wari, kin toshe hanci kin shanye, ki ce, "Allah ya saka wa Inna." Likita ya duba ki sau uku ya ce bai ga komai ba, a turo maigidan. Ni kuwa kullum da uzurina: yau jarrabawa, gobe taron malamai.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mai Allura, na je.

Na je ni kaɗai, shekara guda da wata uku da suka wuce, ranar da na ce miki an tura ni duba jarrabawa a wata makaranta. Aka yi awon. Da mai awon ya ji aikina sai ya matsa gefe ya ce, "Malam, kai ma ka san kan madubi, duba da kanka." Na sunkuya kamar yadda kika sunkuya a kan albasa. Na san abin da ya kamata in gani, na zana shi a allo ya fi sau ɗari: ƙwayoyin haihuwar namiji, dubbai, suna iyo suna rige-rige. Abin da na gani 'yan ƙalilan ne, a warwatse, kuma ko ɗaya ba ya motsi. Motsi, alama ta farko! Na daɗe a sunkuye ina murɗa madubin, wai ko laifinsa ne. Aka sake awon bayan wata biyu, amsar ba ta canja ba. Likita ya ce ba a yanke ƙauna, akwai abin da za a gwada, amma in zo da iyalina a zauna. Tun ranar farko na karɓi takardar awon, na ninke ta huɗu, na sa ta a cikin babban littafin ilimin halittu, a babin haihuwa, don na san kina goge masa ƙura amma ba kya buɗe shi.

Ni da nake koya wa yara cewa sai ƙwaya biyu sun haɗu ake samun ɗa, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, na dawo gida na zauna ina kallonki kina shan ɗaci a kan laifin da ba naki ba. Tsoro ne, ba wani abu ba. Na ji tsoron idon Inna, na ji tsoron bakin 'yan'uwa, na fi jin tsoron ki dube ni ki ga ragowar mutum. Kullum sai in ce gobe zan faɗa. Abin da ya fi gajiyar da ni ke nan, ba aji ba, ba alli ba: ɗaukar takarda mai nauyin gashin tsuntsu wata goma sha biyar. Ina jin ma shi ya sa maganar nan ta kuɓuce mini ranar. Ba da yarinyar nake faɗa ba, ba kuma da ke ba. Idan akwai alfadari a gidanmu, ga shi nan zaune yana rubuta miki wasiƙa.

Jiya na je wurin Inna na gaya mata komai, a gaban Goggo, don kada maganar ta tsaya a ɗaki ɗaya. Inna cewa ta yi, "Kai da karatunka, ka bar ni ina ɗura wa 'yar mutane itatuwa? Da wane ido zan dube ta?" Ta yi kuka, ta ce za ta zo gidan Yaya da ƙafarta. Na roƙe ta ta dakata tukuna. Ba na so a taru a yi miki nauyi har ki dawo don kunya.

Takardar tana cikin ambulan ɗin nan, na warware ninkin. Ki karanta, ki ba Yaya ta karanta. Bayan nan hukunci naki ne. Idan kika ce kina son abin da wataƙila ba zan iya ba ki ba, ba zan tsaya miki a hanya ba, ko da hakan zai kashe wutar kowane murhu da ke jikina. Haƙƙinki ne, kuma na riga na ci miki wata goma sha biyar daga ciki. Idan kuwa akwai sauran wuri a zuciyarki, ko da ɗaki ɗaya ne irin na albasa, wanda sai da madubi ake ganinsa, to ki ba ni shi in zauna. Mu koma wurin likita tare, wannan karon ni ne a kan gadon awo, ke kina kujera. Ba na yi miki alkawarin ɗa, wannan na Allah ne. Ina yi miki alkawarin ba za ki sake amsa tambayar kowa ke kaɗai ba.

Furenki na bakin taga yana nan, ina ba shi ruwa. Almakashinki yana kan keke inda kika ajiye shi, ban taɓa ba. Na duba abin da kika ɗauka da abin da kika bari, Mai Allura, kuma abin da na gani ya hana ni sukuni. Kin bar almakashi, kin bar tef ɗin awo, kin bar mayafin da kika fi so. Amma kin tafi da kwalbar maganin Inna. Ko cikin fushi, ko kina barin gidana, ba ki so ki tsallake shan safe da yamma ba.

Ko kin dawo ko ba ki dawo ba, don Allah yau ɗin nan ki zubar da shi. Lafiyarki ƙalau.

Naki, muddin akwai ɗaki ɗaya a jikin nan da bai daina numfashi ba,

Malaminki da ya faɗi darasinsa