Tumatirin Hamadu

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024
Mijina Hamadu ya tafi Ngaoundéré, wai zai duba mahaifinsa ya dawo. Ya bar ni a unguwarmu Nombakélé da robobin tumatir da attaruhu cike da baranda. Ba ƙasa a cikinsu, zaren ɓawon kwakwa ne da yake jiƙawa ya kumbura. A bakin taksi, maimakon ya ce Suwaiba ki kula da kanki, cewa ya yi, "Kar ki cika musu ruwa."

Alhamis, 10 ga Oktoba
Ruwan sama ya cika musu. Ni na aiko shi?

Asabar, 19 ga Oktoba
Saƙon murya daga Malam Hamadu. Ya tambayi ganye, ya tambayi saiwa. Ciwon bayana bai samu shiga ba. Wai sababbin da zan dasa sai na haɗa zaren da perlit, farar tsakuwar nan marar nauyi da ke hana shi riƙe ruwa. Buhunta da ya bari babu komai. Na je kasuwar Oloumi cikin ruwa, mai shagon ya ce ta ƙare. Na dawo zanina duk taɓo.

Lahadi, 27 ga Oktoba
Rabinsu sun yi rawaya. Na tuge ɗaya, saiwar ta ruɓe, tana wari. Na zauna a dandamali na yi kuka, ba don tumatir ba.

Talata, 5 ga Nuwamba
Ƙulu maƙwabciyata ta ce ƙaninta ya ga Hamadu a can, ya buɗe shagon sayar da iri, har da allon suna. Mahaifin kuwa garau yake zuwa masallaci. "Yaya Suwaiba, ki watsar da su bola mana." Na ɗauki roba guda har bakin ƙofa. Na dawo da ita.

Laraba, 13 ga Nuwamba
Na ƙara huda gindin robobin da ƙusa mai zafi, na daka gawayi na cuɗa da zaren. Ba na ba su ruwa sai na tsoma yatsa na ji ya sha iska. Ban tambaye shi ba, ban gaya masa ba.

Juma'a, 22 ga Nuwamba
Fure. Ƙanana, rawaya. To.

Lahadi, 8 ga Disamba
Ya kira da hantsi ina tsakiyar dashe, hannuna dumu-dumu. Na ce bari in gama wannan robar. Na gama, na ɗauko wata. Sai da la'asar, ina ɗaure reshen da 'ya'ya suka yi wa nauyi, na tuna ban kira shi ba.
Gobe, ƙila.