Ƙofar da Oddny Ba Ta Harba Ba

Bardu, watan Afrilu

Zuwa ga ’yata Oddny,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya. Mu nan lafiya lau, sai ciwon gwiwar da kika sani.

Gwaggonki Gunvor ta kawo mini labari har gida, ko rigar sanyi ba ta tsaya cirewa ba. Wai farin beyar, naman dajin nan na ƙasar ƙanƙara mai cin mutum, ya shigo harabarki da rana tsaka, bindiga na hannunki, kika tsaya kallo har ya kashe Rusk, karen da ke ja wa sauran karnukanki gaba. Wai ko harsashi ɗaya ba ki fitar ba.

Na ƙare ƙuruciyata ina koya wa sojoji da mafarauta riƙon bindiga, na san yadda tsoro ke daskarar da hannu. Ba abin kunya ba ne. Amma mai irin wannan hannu ba ya zama shi kaɗai a bayan gari a tsibirin Svalbard. Ki tattaro kayanki ki dawo gida, ki taho mini da bindigar da na ba ki. Ban ba ki ita don ado ba.

Ki huta lafiya.
Mahaifinki, Halvard

*

Baba,

Ina gaishe ka, ina yi wa gwiwa sannu.

Wato Gwaggo Gunvor, wadda ko bindigar wasan yara ba ta taɓa riƙewa ba, ita ce ta zama shaidarka? Ka karanta takardarka kuwa kafin ka aiko? Ko tambaya ɗaya babu a ciki. Ka yanke hukunci kana zaune kana shan kofi, kamar yadda ka saba tun ina ’yar mitsitsiya.

Gaskiya ne, ban harba ba. Gaskiya ne Rusk ya mutu, kuma har yau idan na je ba karnuka abinci da kwanonsa nake fitowa. Raina ya ɓaci matuƙa, Baba, ba na son ƙari.

Ba zan dawo ba. Bindigar kuwa taka ce, idan ka nace zan miƙa ta ta hannun hukuma ta iso gare ka. Amma ba zan yi maka bayani ba, tunda ba ka nema ba.

Ka gaida Gwaggo, ka ce na gode da aiki.
’Yarka, Oddny

*

Zuwa ga Baba Halvard,

Gaisuwa da girmamawa. Ba ka san ni ba. Sunana Tormod, makaniki ne ni, maƙwabcin Oddny. Na iske ta tana naɗe bindiga a bargo za ta aika maka, ta hana ni sa baki, shi ya sa na saci adireshinka. Idan ta ji, kashina ya bushe.

Ran nan babur ɗina na tafiya kan ƙanƙara ne ya mutu a gefen harabarta, ina tare da matata Ingunn. Na taka zuwa wajenta aron sifana, na bar bindigata ɗaure a jikin babur. Sakarci ne, na sani, Ingunn ma ba ta bari na manta ba. Ina tsakiyar fili sai ga beyar ɗin ya ɓullo ta bayan ɗakin karnuka.

Ka san a nan ba ma kulle ƙofa, saboda irin wannan rana. To, na ruga ƙofar Oddny, ashe ƙanƙara ta riƙe ta. Na yi ta dukanta da kafaɗa, numfashi ya ƙare mini, ko sunana na kasa faɗa. Ita kuwa ta riga ta hango dabbar ta taga, ta sa harsashi, ta tsaya tana fuskantar ƙofa. Karnuka na ihu, katako na tsagewa. Baba, ko ni ne a ciki da na rantse beyar ne ke ƙoƙarin shigowa, kuma da na saki wuta ta cikin katakon nan.

Da ƙofar ta ɓalle na faɗo ciki rub da ciki. Na ɗaga kai na ga bakin bindiga, na ga yatsanta a miƙe a gefe, bai ko kusanci kunamar bindigar ba. Fuskarta ta yi fari fat, amma hannun ko rawa. Ta ce, “Tormod, matsa can, ka tare mini hanya. Kuma ka shigo mini da takalmi.”

Ta fita bakin ƙofa ta saita beyar ɗin, lokacin ya danne Rusk. Na ce, “Harbe shi mana!” Ta ce, “Buɗe idonka ka duba bayansa.” Ingunn ce durƙushe a jikin babur, daidai inda harsashi zai wuce idan aka kuskure. Ta sauke bindigar, ta zaro ƙaramar bindigar nan mai tartsatsin wuta da muke korarsu da ita, ta harba a gabansa har ya juya ya nufi bakin teku. Kafin nan kare ya riga ya mutu. Tana ji tana gani ta bar shi saboda matata.

Sai da ta cire harsashi ta jingine bindigar sannan ta zauna a ƙasa ta yi kuka. Na ga ya kamata ka sani.

Naka cikin ladabi,
Tormod

*

Oddny, ’yata,

Ina gaishe ki. Ki kwance bargon nan, ki zauna inda kike.

Wani maƙwabcinki mai yawan surutu ya rubuto mini, kada ki taɓa shi. Na kai takardarsa taron mafarauta na karanta musu a tsaye, duk da gwiwa. Kin san mutanen nan ba sa tafi, amma babu wanda ya taɓa kofinsa har na gama.

Da suka tambayi wanda ya koya miki, na ce ni ne. Na san harbi kawai na koya miki, sauran naki ne. Amma ki bar mini wannan.

Mahaifinki, Halvard