Taswirar Tungar Maidaji

Guangzhou, ƙasar Sin
4 ga Maris, 2007

Zuwa ga Yaya Rekiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah Ya ƙara wa Inna sauƙin ƙafa, Ya sa ciwon ya zama kaffara. Na ji an yi sunan 'yar Bilkisu, Allah Ya raya ta. Ni ma lafiyata ƙalau. Kaya sun shiga kwantena a tashar jiragen ruwa ta Huangpu ranar Talata.

Dalilin rubutowa shi ne maganar filinmu na Tungar Maidaji. Ƙanenmu Ma'azu ya bugo mini waya cewa an sa hannu. Gwamnatin jiha ta amince mu ne 'yan asalin wurin tun kafin a tashe mu a mai da shi gandun daji, kuma ta mayar mana da gonaki daga bakin rafi zuwa tsohuwar rijiya. Abin da ke arewa da rijiyar ya zauna cikin gandu, za a kewaye shi da waya. Kin san abin da ke can: maƙabarta, inda Baba yake, inda Inna ta sha cewa a kwantar da ita.

Ina so ki ji yadda aka yi daga wurina, a tsare. Taswirar nan ta zamanin En'e, mai hatimi, wadda ta nuna iyakarmu har bayan maƙabarta, tana hannuna a nan. Na taɓa karantawa a wata ƙasida kan dokar filaye cewa kada mutum ya bar takardar asali a hannun kowa, kwafi kawai ake bayarwa. Har layi na ja a ƙarƙashin wurin. Da zan taho sai na tuna garar da ta ci akwatin Baffa Alhasan, na naɗe taswirar a leda biyu, na haɗa ta da fasfo, na bar wa Ma'azu kwafi uku. Ban zaci kwamitin filin da ya yi shekara shida bai zauna ba zai zauna ina nan.

Sanarwar kwana takwas aka bayar. Na tafi wurin masu aika saƙo a titin Liuhua Lu na tarar da ƙofa a rufe, an manna jajayen takardu, ashe hutun sabuwar shekararsu ne, gari ya watse. Na je wuri huɗu. A na huɗun wata tsohuwa mai gadi ta kaɗa mini hannu tana cewa meyo, wato babu. Cikin 'yan kasuwarmu ban sami mai komawa Kano ba, kujerar jirgi ma ban samu ba.

Ranar zaman, Baffa Alhasan ya zagaya da su iyaka da ƙafa, kamar yadda aka gada, yana nuna adurukun da kakanni suka dasa, yana kiran sunan mai kowane kabari. Shugaban kwamiti ya saurare shi da ladabi, sannan ya ce kwafin ya dusashe daidai wurin hatimi, ba zai iya aiki da shi ba, kuma in ba a gama ranar ba sai bayan zaɓe, a hannun wata gwamnati. Dattawa suka sa hannu. Ban ga laifinsu ba. Ma'azu ya ce mini in taya taswira murna, ta ga duniya, Baba kuma ya samu aikin gandun daji bayan rasuwa. Shi kansa bai yi dariya ba.

Yaya, tun ranar nake jiran in ji wani abu a raina, ban ji ba. Ina cin abinci, ina zuwa kasuwa a Liwan, ina duba kaya ɗaya bayan ɗaya. Jiya na kai rabin hanya na tsaya, na rasa inda za ni. Na sake karanta ƙasiduna na dokar filaye duka, babu wadda ta faɗi abin da ake yi bayan an sa hannu da yardar juna. Taswirar tana nan lafiya, ko kusurwarta ba ta lanƙwashe ba.

Roƙona ɗaya ne. Ma'azu ya ce Inna ta ji an dawo da fili, tana ta hamdala, ba ta san sauran ba. Don Allah kada kowa ya gaya mata. Ni na ɗauko takardar, ni zan durƙusa a gabanta in faɗa. Zan iso ranar sha tara ga wata, in Allah Ya so. Na rubuta abin da zan ce mata sau uku, kowanne ya wuce shafi biyu, babu wanda ɗa zai iya karanta wa uwarsa.

Ki gaishe mini da Baffa Alhasan, ki ba shi haƙurin tafiyar da ya sha. Ki gaishe da Bilkisu da jaririya, da Ma'azu ko da bai amsa ba. Inna kuwa, ki ce mata ina lafiya, ina tafe, kada ki ƙara komai.

Naki ƙane,
Sha'aban Ɗantani