Yakuwar Inna da Ciyawa Mai Ganyen Kwabo

Asabar, 11 ga Mayu, 2024

Yau na shuka yakuwar Inna a bayan gidanmu, nan ƙasar Turawa. Ɗan iri ne a ƙullin tsumma, abu na ƙarshe da ta aiko mini daga Tasawa kafin ta rasu cikin Janairu. Ban ga gawarta ba, ban zuba mata ƙasa ba. Matata Rahina ta ce, "Baban Afnan, ka rage rabi mana, saboda halin rayuwa." Ban rage ko ƙwaya ba. Ni da na girma a garka za a koya wa shuka?

Litinin, 27 ga Mayu

Sha ɗaya sun fito, alhamdu lillahi. Ko ɗaya ce ta kai kaka ta ba da iri, yakuwar Inna ba ta ƙare ba. Ruwa safe da yamma, babu fashi.

Talata, 4 ga Yuni

Wata ciyawa ta shigo tsakanin shukar. Ban taɓa ganin irinta a gida ba. Ganyen zagayayye kamar kwabo, yana sheƙi, bakinsa da ɗan tsaga-tsaga, kuma karan a tsakiyar ganyen ya kama daga ƙasa, kamar sandar lema. Kyakkyawa ce, ja'ira. Na ja ɗaya sai ga farin zare dogo yana biyo ni ta cikin ƙasa, kowace gaɓa da saiwarta. Na sa hauya na sassare ta, na bar ta nan rana ta ƙarasa aikin, yadda muke yi.

Lahadi, 9 ga Yuni

Ikon Allah! Rana ba ta ƙarasa komai ba. Kowane guntun da na sara ya kama ƙasa ya ɗaga ganye. Inda na kashe goma, hamsin suka fito suna kallona.

Alhamis, 13 ga Yuni

Yakuwa biyu sun mutu. Sauran ganyensu ya yi rawaya, sun langaɓe da tsakar rana. Ƙishirwa ce, me kuma? Ciyawar nan ke shanye musu ruwa. Ga sama ta ƙi yin hadari. Lokacin hutun cin abinci na bar motar rabon kaya a bakin titi, na shigo da gudu na ƙara musu. Sau uku ke nan a rana. Rahina ta ce ko Afnan da tana jaririya ban leƙa ta haka ba. Ban yi dariya ba.

Ba na iya zama. In ina tuƙi hankalina yana bayan gida, in ina bayan gida ban san me zan taɓa ba.

Juma'a, 21 ga Yuni

Saura bakwai.

Bayan masallaci Anti Memunatu, maƙwabciyarmu 'yar zangon Kumasi, ta leƙo ta kan shinge, ta same ni da tiyo a hannu. Shekara ashirin tana unguwarmu ta Glenwood, kuma bakinta ba linzami.

"Ei, Moutari! Shinkafa kake nomawa?"

Na ce ciyawa ce ta dame ni, Anti. Ta zagayo, ta taka wurin, silifas ɗinta ya nutse. Ta tsinki ganye ɗaya ta ce Turawan nan pennywort suke ce mata, ciyawar bakin rafi ce da fadama, ba ta zama inda ƙasa ke bushewa. "Ɗana, ruwa ba ya tsami banza. Ba ita ta zo ba, kai ka gayyace ta. Ƙasarku rairayi ce, ka zuba ta shanye. Wannan jar laka ce, riƙewa take kamar tukunya. Rufe famfon nan kwana goma."

Kwana goma! A wannan zafin! Na ce to, Anti, na gode. A raina na ce mutumin da ruwa ke bi har ɗaka me ya sani game da fari? Tana fita na ƙarasa ban-ruwana.

Lahadi, 23 ga Yuni

Shida.

Laraba, 26 ga Yuni

Yau rabon kaya ya kai ni unguwar Irving Park. Tun da Anti ta yi maganar nan idona ke neman ciyawar, ban so ba. A manyan filayen gidajen babu ita. Sai a wani kwari gindin magudanar ruwa, can na gan ta shimfiɗe, da 'yan furanninta farare ƙanana a kan tsinke. Taku biyu daga nan, inda ƙasa ta bushe, ta tsaya cak kamar an ja mata layi.

Da na dawo na tumɓuke yakuwar da ta mutu jiya. Saiwar baƙa, ta ruɓe, tana wari. Na daɗe tsugune da ita a hannu.

Rahina ta fito, ba ta ce ai na faɗa maka ba. Da ma ta faɗa, da na sami abokin faɗa. Na ce mata, Inna shekara arba'in tana jan guga a rijiya mai zurfin gaba ashirin, don yakuwar nan. Tafin hannunta kamar ɓawon itace. Ni ga famfo a gindina, murɗawa kawai, sai in hana shukarta ruwa? Da wane ido? Na shige ciki.

Saura huɗu.

Talata, 2 ga Yuli

Kwana shida ban buɗe famfo ba. Ba don maganar kowa ba, gwadawa nake. Wallahi azumin bazara bai ba ni wuya haka ba. Na fita na dawo, na fita na dawo. Saman ƙasa ya tsattsage, zuciyata ta ce kisa kake yi. Na tona da yatsa, ciki da danshi har yanzu.

Ciyawar ina bin ta da hannu, zare-zare, ina zubawa a leda. Hauya na jingine.

Wata ta sake tafiya. Uku.

Asabar, 13 ga Yuli

Uku ne dai. Amma ta kusa da shinge ta fid da sabon ganye biyu, kore shar, karanta ya fara ja. Ciyawar ta ja baya, ta koma ƙarƙashin famfo inda yake ɗiga. Na bar mata nan, ai wurinta ne.

Anti ta leƙo, ta duba, ta ce, "Wa ya koya maka noma haka?" Na ce a garka na girma. Ta yi dariya har da riƙe shinge.

Da la'asar an yi zafi sosai, ganyen ya ɗan sunkuya. Na fito da buta zan yi alwala, na tsaya a kansu. Ruwan na hannuna. Na ce, Inna, ki yafe mini, ba rowa ba ce. Na koma gefe na yi alwalata a kan siminti.