Taɓaryar Gwaggo da Takardar da Kwamitinku Yake Nema

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Tantance Ayyukan Tiyata, na asusun lafiyar ma'aikata da nake ciki.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da aiki, kai da sauran 'yan kwamiti, da fatan iyali suna lafiya.

Ni malamar aji ɗaya ce a wata firamare ta ƙauye a ƙasar Tsanyawa, shekarata ta goma sha ɗaya ke nan a gaban allo. Likitan hanci da ya duba ni a Kano ya rubuta cewa ina buƙatar tiyata, domin ƙashin hancina da guringuntsin da ya raba kafofin biyu sun karkace, har kafar hagu ta kusa toshewa. Kwamitinku ya amsa da layi biyu: wannan aikin kwalliya ne, asusu ba ya ɗaukarsa, sai in na kawo takardar asibiti ta ranar da na ji raunin. Sau biyu ina rubuto bayani ta hannun ofis, shiru. Shi ya sa na fito fili, ba don rashin kunya ba.

1. Yadda abin ya faru

Shekara shida da suka wuce, bayan girbi, aka yi bikin ɗan ƙanin mahaifina. Mata muka taru a tsakar gida dakan gero. Ni da Gwaggo Asabe, ƙanwar mahaifina, muka kama turmi ɗaya muna lugude, tana cilla taɓarya sama ta tafa ta cafe, mata suna guɗa. Na sunkuya in tura geron da ya hau bakin turmi, ita kuma taɓaryar ta kuɓuce mata. A kan karan hancina ta sauka. Ƙarar na fara ji kafin zafin.

2. Dalilin da babu takarda

Ranka ya daɗe, kai ma na san daga wani gida ka fito. A ƙauyenmu ba a ɗaukar mace daga tsakiyar biki a kai ta asibiti saboda haɓo. Da an sa ni a mota ranar, da kafin la'asar gari ya ɗauka cewa Gwaggo ta fasa wa 'yar wanta fuska a gidan biki, kuma da wannan sunan za a riƙa tuna auren. Mahaifiyata, Inna, ta ja ni ɗaki ta rufe ƙofa. Ta tsayar da jinin, ta dafa ruwa ta gasa min da tsumma, ta shafa man shanu. Ta ce, "Ki yi shiru, 'yar nan. Kumburi ne, zai saɓe. Gwaggonki tana bayan rumbu tana kuka, kada ki ƙara mata." Sati biyu ana gashi safe da yamma. Kumburi ya saɓe kamar yadda ta faɗa, amma hanci ya riga ya kwanta gefe, a haka ya ɗore.

Na yi karatu, na san da asibiti, ba zan ce jahilci ne ya hana ni ba. Rufin asirin gida na zaɓa, kuma kuskuren nawa ne. Amma takardar da kuke nema ba ta taɓa wanzuwa ba. Hannun Inna ne asibitina, ita kuwa bara Allah ya yi mata rasuwa.

3. Abin da hancin yake yi mini a aji

Wanda bai koyar da 'yan shekara shida ba, zai ɗauka aikin alli ne. Aikin numfashi ne. Ina faɗa su maimaita, ina rera musu baƙaƙe da wasula, daga safe har a tashi. Da baki nake shaƙar iska, da shi kuma nake magana, saboda haka kafin a fita tara maƙogwarona ya bushe, muryata ta dishe, kaina yana sara. Nakan tsaya a tsakiyar jimla in nemi numfashi, yara su zuba mini ido suna jira. Lokacin sussuka, da ƙaiƙayi ya taso daga gonakin da suka kewaye makarantar, kafar daman ma sai ta liƙe.

Ƙanshi ma ya rage mini sosai. Ruwan farko na damina kowa yana cewa ƙasa ta yi ƙanshi, ni sai dai in ce haka ne. Maigidana yana fatauci a kudu, sai da Salla yake zuwa, ni kaɗai ce a gida tun rasuwar Inna. Sau da yawa maƙwabciyata ce take ɗaga murya ta katanga ta ce, "Malama, tuwonki na ƙauri!"

Hedimasta mutumin kirki ne, ya daɗe yana haƙuri da ni. Amma a farkon wannan zangon ya kira ni ya ce in abin bai gyaru ba zuwa bayan dogon hutu, zai ba wa wani ajin, ni kuma in koma ɗakin ajiyar littattafai. Tausayina ya ji. Ɗakin yana can ƙarshen gini, taga ɗaya gare shi, ba a jin ko hayaniyar yara a cikinsa. Ranka ya daɗe, wannan ajin shi ne wurin da ya rage mini da ake kiran sunana da murna.

4. Game da kalmar kwalliya

A nan ba zan yi maka ƙarya ba. Likita ya tambaye ni ko kamannin hancin yana damuna, na ce yana damuna, ya rubuta. Ina zaton wannan layin kwamitinku ya gani ya tsaya a kansa. To, yana damuna. Tun bayan raunin na fara sa niƙabi, mutane suka yaba, suka ce Malama ta ƙara riƙo da addini. Na karɓi yabon da ban cancanta ba, alhali ɓuya nake yi. Na daina zuwa suna da biki, domin a cikin mata dole a buɗe fuska. A aji kuwa dole in ɗage shi, don yaro da kallon bakin malami yake koyon furuci. Duk sabuwar shekara sai wani a cikinsu ya tambaye ni wa ya karya mini hanci. In ce masa taɓarya ce, mu yi dariya tare. Dariyar ba ta bina gida.

Likitan ya yi mini bayani, ya zana a takarda. Cikin da wajen tare suka karkace, aiki ɗaya ne yake miƙe su, kuma a irin nawa, in aka gyara ciki aka bar ƙashin a kwance, iskar ba za ta samu hanya yadda ya kamata ba. Ban nemi hancin wata ba. Nawa nake nema, wanda Allah ya halicce ni da shi. Idan maɗori ya miƙe ƙafar da ta karye, mai ita ya yi tafiya kuma ƙafar ta yi kyan gani, wa zai ce kwalliya aka yi masa?

5. Abin da nake roƙo

Ina roƙon kwamiti ya sake duba takarduna a zamansa na gaba, ya karanta rahoton likita har ƙarshe, da hoton ƙashin da aka ɗauka, wanda shi kansa ya nuna tsohuwar karaya. Ina roƙon a yanke hukunci kafin dogon hutu, domin in yi jinya a cikinsa in koma ajina. Ina kuma roƙon ku buɗe wata ƙofa ga mutanen karkara, waɗanda rauninsu ya warke a ɗakin uwa, ku karɓi shaidar mai unguwa ko ta wanda abin ya faru a gabansa.

Ni ina da shaida. Gwaggo Asabe tana da rai. Shekara shida ke nan ba ta iya kallon fuskata, in muka haɗu a hanya sai ta sunkuyar da kai tana neman gafara, har na daina bi ta ƙofar gidanta don in hutar da ita. Ranar Juma'ar da ta wuce na yi ƙarfin hali na shiga, na karanta mata amsarku. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da taɓaryar. Ashe tun ranar ba ta sake daka da ita ba, a bayan gado ta jingine ta. Ta ce, "In takarda suke so, ba ni da ita. Amma ki sa ni a mota da wannan, in je in gaya musu da bakina ni na yi." Tsohuwa ce da ba ta taɓa shiga ofis ba. Ku ba ta rana, ranka ya daɗe. Mu biyu ne muke jiran wannan aikin.

Allah ya yi maka jagora a kan amanar da ke hannunka, ya ba ka lafiya kai da zuriyarka, ya sa kada ka taɓa sanin nauyin numfashi.

Wassalam.

Malama Hadiza,
malamar aji ɗaya, ƙasar Tsanyawa.